Ganga Ba Ta Noma

Ka nemi izinin wani babba a gidanku ka ɗauki wayarsa ta hannu, ka ajiye ta a gabanka na minti 10 kawai. Da wuya ta yi shiru. Ko ta yi ƙara, ko ta yi haske, ko wata 'yar jar alama ta fito a kan hoton manhaja tana nuna cewa saƙonni suna jira. Waɗannan abubuwa ba haka kawai suke faruwa ba. Mutane ne suka zauna suka tsara launin alamar da irin ƙarar da lokacin da za ta zo, domin hannun mai waya ya kai gare ta ko da bai yi niyya ba. Irin wannan aiki shi ne za mu kira fasahar shawo kai, wato ƙera na'ura ko manhaja yadda za ta sauya ra'ayin mutum ko ɗabi'arsa.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne B. J. Fogg na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya wallafa littafi a kansa a 2003. A ganinsa, mutum yakan aikata abu ne idan abubuwa uku sun haɗu a lokaci guda: yana son yin abin, yana da ikon yin sa, sannan wani abu ya tuna masa a daidai wannan lokaci. Ya kuma ce tilastawa da yaudara ba sa cikin shawo kai. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro Instagram, Mike Krieger, ya yi karatu a wajensa. Saboda haka idan ka ga yayanka ya kasa ajiye waya har tsakar dare, ka sani akwai ilimi a bayan abin.

To, ga tambayar da malaman jami'a da yawa suke yi yanzu. Tunda wannan fasaha tana iya riƙe saurayi awa uku yana kallon gajerun bidiyo, ko ta sa ya zuba kuɗin abincinsa a cacar ƙwallo, me zai hana a juya ta, ta sa ya buɗe littafi? Tambayar ta shafe ka, domin nan da 'yan shekaru kai ne ɗalibin da za a gwada abin a kansa. Ra'ayina shi ne a yi amfani da ita, amma a san iyakarta, kuma a yi hattara da wasu dabarunta, domin akwai masu cutarwa a cikinsu.

Babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar Abuja. A unguwar Jabi ne hedkwatar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya take, wadda aka fi sani da NOUN. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Olusegun Obasanjo, wanda daga baya shi kansa ya zama ɗalibinta har ya sami digirin digirgir. Tana da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasa. Ɗalibanta ba sa zama a aji kullum. Akwai ma'aikacin gwamnati a cikinsu, da soja, da ɗan kasuwa, da uwa mai goyo. Suna samun darussansu ta intanet, suna amsa tambayoyin gwaji ta kwamfuta ko waya. Jami'ar Abuja ma, wadda aka kafa a 1988, tana da cibiyar karatu daga nesa tun shekarunta na farko.

Yi tunanin ma'aikaciyar da take zaune a Mararraba, tana aiki a wani ofis a Garki. Ta bar gida da asuba saboda cunkoson motoci a hanyar Nyanya, ba za ta dawo ba sai bayan magariba, ga girki, ga yara. Babu ƙararrawar makaranta da za ta kira ta, babu malamin da zai lura cewa kujerarta babu kowa. Idan ta manta da ranar rufe amsa gwaji, makin ya tafi. Wannan baiwar Allah tana son karatun, shi ya sa ta biya kuɗin rajista daga albashinta. Abin da ta rasa shi ne mai tuna mata, da kuma wanda zai yanka mata aikin ƙanana-ƙanana yadda za ta iya yin wani abu a cikin motar haya. A nan fasahar shawo kai take da rana. Saƙo ɗaya da ƙarfe tara na dare mai cewa saura kwana biyu a rufe gwaji, ga tambaya biyar ki gwada, zai iya ceton zangon karatunta duka.

Akwai kuma hujja ta ilimi. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum yakan manta da yawancin abin da ya haddace cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama guda. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Ɗalibai da yawa sun san haka, amma sai su bar karatu sai daren jarrabawa, su kwana a aji da kyandir ko fitilar waya. Manhaja ba ta mantuwa, ba ta kuma gajiya. Tana iya dawo maka da kalmar da ka faɗi a kanta jiya, ta sake kawo ta bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Kai da kake koyon Hausa ka san amfanin wannan: jam'in kalma irin su doki da dawaki, ko gari da garuruwa, ba ya zama a ka sai an yi ta cin karo da shi.

Kada ka ɗauka cewa Turawa ne suka fara sanin yadda ake zaburar da mutum. Je ka ƙauyen Hausawa da damina ka ga gayya. Mai gona ya gayyato samarin gari su taya shi noma, ya kira makaɗa. Samari suka jeru, kowa da garmarsa, ganga tana tashi, maroƙi yana kiran sunan wanda ya wuce gaba, yana yi masa kirari. Gajiya takan gudu, aikin kwana biyar ya ƙare a wuni ɗaya. A makarantar allo ma haka ne. Ba a ba yaro littafi duka a rana ɗaya. Ana rubuta masa ɗan abin da zai iya a allo, idan ya iya ya wanke a ƙara masa, yana kuma yin tilawar na baya don kada ya zube. Ranar sauka a yi wa allonsa zayyana, dangi su taru, a ci a sha. Yanka aiki ƙanana, bita a kai a kai, yabo a gaban jama'a, alamar kammalawa: duk abin da masu ƙera manhaja suke taƙama da shi yau yana nan.

Amma dubi gayyar nan da kyau. Ganga ba ta noma. Idan babu garma, ko ƙasa ta bushe ruwa bai sauka ba, makaɗi zai kaɗa har hannunsa ya kumbura, kunya ɗaya ba za ta tashi ba. Kuma samarin sun zo ne da ma don sun san mai gonar, sun san gobe shi ma zai zo tasu. Kiɗa ƙara musu ƙarfi kawai ya yi.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada. A Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, masana tattalin arziki biyu, Philip Oreopoulos da Uros Petronijevic, sun shafe shekara 5 suna gwada dabaru iri-iri a kan ɗalibai kusan 25,000. Sun sa su rubuta burinsu, sun taya su tsara jadawalin karatu, sun yi ta aika musu saƙonnin tuni da na ƙarfafa gwiwa ta waya. A rahoton da suka fitar a 2019 sun ce an ɗan sami ci gaba wajen kwanciyar hankalin ɗalibai da yawan lokacin karatu, amma babu dabara ko ɗaya da ta ɗaga sakamakon jarrabawa yadda za a ce an gani. Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin binciken shi ne wannan: da ɗalibai suka gane cewa maki mai kyau yana bukatar ƙarin aiki, da yawa ba su ƙara aikin ba, sai suka rage burinsu. A wani bincike da suka yi kafin wannan kuwa, sun haɗa sababbin ɗalibai da waɗanda suka riga su shiga jami'a, kowane babba yana kula da 'yan ƙalilan, yana neman su, yana tambayar yadda suke ciki. A nan ne maki ya tashi sosai. Saƙon na'ura bai yi abin da mutum ya yi ba.

Ka tuna cewa waɗannan ɗaliban Kanada ne, masu wutar lantarki dare da rana. Namu fa? A cikin abubuwa ukun Fogg, masu sayar da manhaja sun fi son maganar tuni, domin shi ne mai arha. Amma a nan ƙasar abin da ya fi ƙaranci shi ne iko. Ɗalibin da ke Gwagwalada wanda wayarsa ta mutu tun la'asar saboda an ɗauke wuta, ba saƙo zai ji ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Wanda yake zaɓa tsakanin sayen data da cin abincin rana ba rago ba ne. Idan manhaja ta hukunta shi don bai shiga ba kwana uku, to talaucinsa ta hukunta. Sannan wace manhaja ce za ta riƙe zuciyar ɗalibi a kan karatu a 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur, bayan wanda aka yi a 2020? Shugaban jami'ar da ya sayi manhaja mai tsada alhali ɗakin karatunsa babu wuta, ya ɗauko makaɗi ne ya kai shi gonar da ba a share ba.

Yanzu bari mu zo kan dabarar da na fi jin tsoro, wato allon jerin gwanaye. Manhajoji da yawa suna ba ɗalibi maki da lambobin yabo a kan kowane abu da ya yi, sannan su jera sunayen 'yan aji daga na ɗaya har na ƙarshe, kowa yana gani. Da jin haka za ka ce ai gasa tana sa himma. Gaskiya ne, ga mutum biyar ko goma da ke sama. A ajin jami'a na shekarar farko, inda ɗalibai sukan kai ɗaruruwa, me allon yake faɗa wa na 280? Yana faɗa masa kullum safiya, a gaban abokansa, cewa ba zai kamo ba. A gayya wanda aka bari a baya yana da abokin da zai juyo ya kama masa kunyarsa, a yi dariya a wuce. Allon waya ba ya juyowa.

A 2015 wasu masana biyu a Amurka, Michael Hanus da Jesse Fox, suka kwatanta azuzuwa biyu na jami'a tsawon mako 16. Darasi iri ɗaya ne, amma aji ɗaya an sa masa lambobin yabo da allon jerin gwanaye. Da tafiya ta yi nisa, 'yan wannan ajin suka nuna ƙarancin sha'awa da ƙarancin gamsuwa, kuma a jarrabawar ƙarshe makinsu ya gaza na ɗaya ajin. Bincike ɗaya ba ya yanke hukunci, akwai kuma wasu da suka sami sakamako mai kyau. Sai dai abin ya yi daidai da wani gwaji da aka daɗe da sani. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka sami yara ƙanana masu son zane da kansu. Aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu kuwa ba a yi musu ba. Bayan kwanaki, da aka bar kowa ya zaɓi abin da yake so, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zane. Lada ta mai da wasa aiki, da aka janye ta sai sha'awa ta bi ta.

Haka ma jerin kwanaki. Manhajar koyon harsuna ta Duolingo ta shahara da wannan: tana ƙirga maka kwanakin da ka jera kana darasi, idan ka tsallake sai lissafin ya koma farko. Dabara ce mai ƙarfi, domin ɗan Adam ya fi jin zafin rasa abin da ke hannunsa a kan daɗin samun sabo. Tana taimaka wa mutane su saba da karatu kullum, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma wani yakan kai ga yin darasi mafi sauƙi na minti biyu kafin sha biyun dare don kawai kada lissafi ya karye. Yana da kwana 300 a waya, amma idan ya shiga kasuwar Wuse ba zai iya taya tumatir da harshen da yake koyo ba. Na'ura tana ƙirga abin da ke da sauƙin ƙirgawa: sau nawa ka shiga, minti nawa ka yi. Fahimta kuwa ba ta ƙirguwa da sauƙi, kuma ɗalibai suna da wayo. Duk abin da aka ce shi ne ma'auni, shi za su bi.

Akwai 'yar Nijeriya da ta yi fice a wannan fanni, Farfesa Rita Orji ta Jami'ar Dalhousie a Kanada. Babban abin da bincikenta yake nanatawa shi ne cewa dabara ɗaya ba ta yi wa kowa aiki: abin da ya zaburar da wani yana iya kashe wa wani gwiwa, don haka sai a daidaita manhaja da halin mai amfani da ita. Kowace uwa mai 'ya'ya da yawa ta san wannan. Wani ɗan da yabo yake tafiya, wani sai an ƙyale shi, wani kuma sai ya ga ɗan'uwansa ya fara. Shi ya sa nake ganin a bar ɗalibi ya zaɓa. Shi zai faɗi burinsa, ya ce awa nawa yake so ya yi a mako, ya zaɓi lokacin da za a tuna masa, ya kuma iya kashe tunin ba tare da an rage masa maki ba. Mai son gasa ya shiga da ƙafarsa, da abokai biyar ko shida da suka yarda. Sauran a kwatanta su da kansu, a nuna wa mutum inda yake a makon jiya da inda yake yau. Edward Deci da Richard Ryan, waɗanda suka daɗe suna nazarin abin da ke sa mutum himma, sun ce sha'awa mai ɗorewa tana bukatar mutum ya ji cewa da zaɓinsa yake yi, ya ga yana ƙwarewa, ya kuma ji cewa yana tare da mutane. Adashe ma da haka yake tafiya. Ba wanda ya tilasta wa mace ta shiga, ita ta faɗi abin da za ta iya zubawa, kuma nauyin idon 'yan'uwanta ne yake hana ta fashi.

Wani zai ce duk wannan tsoro ne kawai, ai ɗalibin jami'a ba yaro ba ne, idan maki da lambobi za su sa ya buɗe littafi ko da sau ɗaya, riba ce. Akwai gaskiya a ciki. Wasu darussan ba su da daɗi da farko, sai an daure an shiga kafin a ji zaƙinsu, kuma ɗan abin jan hankali yana iya kai mutum bakin ƙofa. Ban ƙi a yi haka a makonnin farko ba. Abin da na ƙi shi ne a gina karatun shekara huɗu a kansa. Likita ko injiniya ko malamin makaranta zai shekara talatin yana aiki, ilimi yana sauyawa, babu mai ba shi lamba don ya karanta sabon abu.

Sauran magana ita ce ta sirri. Manhajar da ta san lokacin da kake karatu ta san lokacin da kake barci, ta san darasin da ya fi ƙarfinka, wataƙila ta san inda kake. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, akwai kuma hukumar da ke kula da ita a nan Abuja. Idan ka shiga jami'a aka ce ka sauke wata manhaja, kana da damar ka tambaya: wa yake ganin bayanaina, har yaushe za a ajiye su, za a ba wani kamfani? Tambayar ba rashin kunya ba ce.

Akwai kuwa hanya mai kyau ta amfani da waɗannan bayanai, kuma ita nake fata jami'o'inmu su fara da ita. Kwamfuta tana iya gane cewa wata ɗaliba ta yi mako biyu ba ta buɗe darasi ba, alhali da can ba ta fashi. Maimakon ta aika mata saƙo na goma sha ɗaya mai hoton fuska tana kuka, sai ta sanar da malamin da ke kula da ita, ko wata ɗaliba ta aji uku da aka ɗora wa kula da mutum biyar. Ita kuma ta ɗauki waya ta kira ta, su gaisa, ta tambayi gida da yara, sannan ta ji ko rashin lafiya ne, ko wayar ce ta lalace, ko kuwa lissafin babi na huɗu ne ya tsaya mata.